Birni Mai Ganuwa a Landan: Ƙasar Gobir, Baje Kolin Duniya da Ƙaramar Kyamara

A tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, manyan biranen Turai da Amurka sun yi ta gasar shirya wani irin taro da ake kira baje kolin duniya, wato gagarumar kasuwa ta 'yan watanni wadda ake gina wa rumfuna da fadoji na wucin gadi domin kowace ƙasa ta nuna arzikinta da fasaharta, daular da ke da ƙasashen mallaka kuma ta nuna abin da take samu daga gare su. A daidai wannan zamani ne aka fara sayar da ƙaramar kyamarar ɗaukar hoto mai motsi wadda mutum ɗaya zai iya sarrafawa, domin kamfanin Pathé na Faransa ya fito da zaren fim mai faɗin milimita 9.5 a 1922, kamfanin Kodak na Amurka kuma ya biyo baya da mai milimita 16 a 1923, shekara guda kafin a buɗe baje kolin daular Ingila a unguwar Wembley ta Landan. Haɗuwar abubuwan nan biyu ita ta haifar da tarin finafinan da ake kira na 'yan sha'awa, ma'ana waɗanda mutum ya ɗauka don kansa da iyalinsa, ba don a nuna a gidan silima a karɓi kuɗi ba. Mai nazarin tarihin garuruwan Sabon Birni da Isa na ƙasar Gobir zai iya ɗauka babu ruwansa da waɗannan finafinai, tun da yawancinsu titunan Landan da Faris suke nunawa, amma siffar garuruwan ƙasar Hausa da fatar akuyar wannan yanki sun halarci waɗancan tarurruka, sai dai sun isa can ba tare da sunan inda suka fito ba, kuma yadda sunan ya salwanta a hanya shi kansa babi ne na tarihin yankin.

Garuruwan biyu suna cikin kwarin Gulbin Rima, inda kogunan Bunsuru da Gagare ke haɗuwa ta wajen Isa, Gulbin Maraɗi kuma ya kewayo daga gabas ya faɗa cikin Rima kusa da Sabon Birni, kuma a cikin wannan kwari ne kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir wanda mayaƙan jihadi suka ci a 1808 aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da yaƙi har zuwa karon Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rinjaye su aka kashe sarkinsu Ali, bayan haka ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri daura da Maraɗi, wadda ita ma mafaka ce ta sarakunan Katsina da jihadi ya kora. Sabon Birni ta samu ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, sa'ad da wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya ɓata da 'yan'uwansa na Tsibiri ya dawo kusa da tsohon mazaunin kakanninsa da yardar Sakkwato. Isa kuwa ribaɗi ce, wato garin tsaro da ake zaunar da mayaƙa da iyalansu a bakin iyaka, kuma sarautarta ta zauna a hannun zuriyar Bello, waɗanda su ma ake kiransu Sarkin Gobir. Ta haka aka wayi gari sunan sarauta ɗaya yana da masu shi da dama, a Tsibiri da Sabon Birni da Isa da Gwadabawa, kowa da hujjarsa, wani ta gado wani ta takobi.

Turawa sun tarar da wannan rabuwa, suka mayar da ita layi a kan taswira. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato ta bar wa Ingila abin da ke cikinta, amma da Faransawa suka gane cewa hanyar da aka bar musu tsakanin kogin Kwara da Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, sai suka nemi gyara, aka sake zama a 1904 da 1906, sannan wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Jean Tilho da Manjo O'Shee ta bi daji tana kafa alamomin iyaka daga 1906 zuwa 1908. Tafintan ɓangaren Faransa, Landeroin, ya rubuta abin da dattawan fada suka gaya masa na tarihin sarakunan yankin, kuma har yau masu bincike na komawa ga rubutunsa. Sakamakon aikin shi ne Sabon Birni da Isa suka zama gundumomi a lardin Sakkwato, Tsibiri da Maraɗi da Madawa suka faɗa hannun Faransa, ko da yake tsakanin Sabon Birni da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, auratayya da cin kasuwa kuma ba su tsaya ba. Saboda haka da zamanin baje koli ya zo, rabin ƙasar Gobir ya shiga cikin abin da Landan ta kira Nijeriya, ɗaya rabin kuma cikin abin da Faris ta kira Afirka ta Yamma ta Faransa.

Sarkin Ingila Joji na Biyar ne ya buɗe baje kolin Wembley ranar 23 ga Afrilu 1924, kuma jawabinsa na ranar shi ne na farko da aka watsa muryar wani sarkin Ingila ta rediyo. Filin taron ya kai eka 216, an ci kasuwar watanni shida a 1924 aka sake buɗe ta a 1925, an kuma ƙiyasta masu shiga sun kai miliyan 27 a zangon biyu. Filin ƙwallon da ya sa matasan Sakkwato suka san sunan Wembley a yau, asalinsa don wannan taro aka gina shi, kafin a rushe a gina sabo a farkon wannan ƙarni. Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau, an tara su wuri ɗaya a cikin wani gini da aka ba suna Birni Mai Ganuwa, wanda aka kewaye da doguwar katanga ja mai ƙofofi, aka kwaikwayo siffarta daga ganuwar biranen Arewa irin su Kano da Zariya, duk da cewa yawancin kayan da ke ciki, kamar manja da koko da katako, daga kurmin kudu suka fito.

Abin lura a nan shi ne lokacin da aka zaɓa don ɗaukaka ganuwa. A ƙasar Hausa ganuwa kayan yaƙi ce, ana tayar da ita da tubalin ƙasa ta hanyar gayya, a haƙa gwalalo a bayanta, a bar fili na noma a cikinta saboda ranar da abokan gaba za su yi wa gari ƙawanya, kuma tana bukatar yaɓe bayan kowace damina, in ba haka ba ruwa ya zaizaye ta. Mutanen Sabon Birni da Isa sun san amfaninta fiye da yawancin mutane, domin kusan duk ƙarni na 19 ƙasarsu fagen hari ce tsakanin Sakkwato da Tsibiri da Maraɗi. Bayan 1903, da Turawa suka hana yaƙi tsakanin sarakuna, babu mai sake kiran gayyar yaɓen ganuwa, sai ta fara zubewa, manoma suka ci gefenta, magina suka riƙa ɗibar ƙasarta. Ke nan a shekarun da ainihin ganuwar ke narkewa a gida ne aka tayar da kwaikwayonta a Landan da kayan ginin Turai, aka shafe ta da launin jar ƙasa. Ita ma ba ta daɗe ba, domin da taron ya watse aka rushe ta tare da sauran gine-ginen wucin gadi.

A cikin ganuwar an zaunar da masu sana'a da aka ɗauko daga Afirka ta Yamma, Hausawa da Yarbawa da mutanen Gwalkwas da Saliyo, masaƙa da dukawa da maƙera da masu sassaƙa, suna aiki a gaban 'yan kallo da rana, da dare kuma su kwana a wata unguwa da aka gina musu a wurin. Wasu jaridun Landan sun rubuta labarai na raini a kansu, abin da ya fusata ɗaliban Afirka da ke karatu a Ingila har suka kai ƙara ofishin kula da ƙasashen mallaka, aka taƙaita shigar baƙi unguwar. Daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a 1924 akwai wani ɗalibin shari'a ɗan Abeokuta, Ladipo Solanke, wanda a watan Agusta 1925 ya kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma tare da Herbert Bankole-Bright, ƙungiyar da daga baya ta zama makarantar 'yan siyasar neman 'yanci. Bagobirin da ya san wasan da ke tsakaninsa da Bayarabe ba zai rasa abin faɗa ba idan ya ji cewa abokin wasan nasa ne ya tsaya wa mutuncin baƙar fata a Landan. Akwai kuma Bahaushen da ya shiga Wembley a matsayin ɗan kallo mai daraja, wato Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya riga ya ga Ingila a 1921 a tafiyarsa ta aikin hajji, ya sake komawa a 1924, kuma bambancin da ke tsakanin matsayinsa da na badukun da ke zaune a kan tabarma ana kallonsa yana nuna yadda mulkin Turawa ya kasa mutanen ƙasa ɗaya kashi biyu.

Hajar da ta haɗa kwarin Rima da teburan baje koli kai tsaye ita ce fata. Jar akuyar da ake kiwo daga Sakkwato zuwa Maraɗi tana da fata mai laushi da ƙarfi, mai ƙananan ƙofofin gashi, wadda ke karɓar rini sosai, kuma masu ɗaurin littattafai da masu yin safar hannu da takalma a Turai sun daɗe da sanin darajarta. Majemi yakan jiƙa fatar a ruwan toka har gashin ya saki, ya shimfiɗa ta a kan gungume ya kankare da wuƙa, ya wanke, sannan ya tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka, wadda sinadarin da ke cikin 'ya'yanta ke hana fata ruɓewa, yana juyawa yana matsewa har ta jemu, daga nan a shafa mata mai a murza ta yi taushi. Jan launin da ya yi suna kuwa daga karan dafi ake samunsa, wato wata irin dawa da ake nomawa don jan kuben ganyenta kawai. A ƙarni na 19 irin wannan fata tana bi ta Kano, ta hau raƙuma ta ƙetare Sahara zuwa Tarabulus da sauran tashoshin Afirka ta Arewa, kuma da yake daga can Turawa ke sayenta, sai suka haɗa ta da fatun can suka kira ta fatar Maroko. Da aka raba ƙasa kuma, dabbar da kanta ta sami suna biyu, Ingilishi suka ce jar akuyar Sakkwato, Faransawa suka ce jar akuyar Maraɗi, alhali kuwa garke ɗaya ne ke kiwo a ɓangarorin iyaka biyu.

Zuwan jirgin ƙasa ya juya fuskar wannan ciniki daga arewa zuwa kudu. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ta Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wanda ya zama tasha mafi kusa ga Isa da Sabon Birni ta hanyar Shinkafi. Kamfanonin Turawa sun fi son ɗanyar fata busasshiya a kan jemammiya, domin masana'antunsu na son su jeme ta da kansu yadda suke bukata, saboda haka ma'aikatan sashen dabbobi suka duƙufa wajen koya wa mahauta yin fiɗa ba tare da huda fata ba, da shanya ta a inuwa a miƙe a jikin katako maimakon a kafe ta da tsinke a ƙasa cikin rana, inda zafi ke ƙona ta ƙasa kuma ta ɓata ta. Fatar da jaki ya ɗauko daga ƙauyen gundumar Isa takan bi ta hannun dillali, ta shiga kantin kamfani, a tantance darajarta, a ɗaure ta cikin dami ɗaya da ta Zurmi da ta Katsina har da wadda aka tsallako da ita daga ƙasar Faransa, a buga wa damin tambarin kamfani da lambar daraja, ya sauka Legas ya hau jirgin ruwa. Fatu da ƙiraga suna cikin kayan da Nijeriya ta baje a Wembley tare da gyaɗa da auduga da kuza, amma babu yadda za a yi mai kallo ya san daga wace kasuwa kowace ta fito. Akwai kuma wani saɓani da masu shirya taron ba su damu da shi ba, wato a gefe ɗaya ana nuna baduku yana ɗinka jaka da kube da kayan doki a matsayin abin ban sha'awa, a ɗaya gefen kuma tsarin cinikin da ake tallatawa yana kwashe mafi kyawun fata ɗanya kafin ta kai hannun majemi ko baduku.

Kafin a yi hukunci kan abin da ƙaramar kyamara ta adana daga irin waɗannan tarurruka, sai an san yadda take aiki. Naɗi ɗaya na fim mai milimita 16 yana da tsawon ƙafa 100, kuma idan ana ɗaukar hoto 16 a kowace daƙiƙa, kamar yadda aka saba a zamanin, kallonsa kimanin minti huɗu ne kawai. Kyamarar Kodak ta farko da hannu ake juya ta, waɗanda suka biyo baya kuma ana wana su kamar agogo, su yi gudu ƙasa da minti ɗaya su tsaya. Babu sauti ko kaɗan. Fim ɗin kuma irin wanda ake kira mai juyawa ne, ma'ana zaren da ya shiga kyamara shi ne ake wankewa ya zama wanda za a haska a bango, don haka kwafi ɗaya tak ake samu, in ya lalace shi ke nan. Mai kyamara ba ya iya wanke shi a gida, sai ya aika wa kamfani ya jira. Wani abin mamaki shi ne masana'antar Kodak ta Ingila tana Harrow, 'yan mil kaɗan daga Wembley, masana'antar fim ta Pathé kuma tana Vincennes, a gefen dajin da Faransa ta yi nata baje kolin a 1931.

Waɗannan iyakoki su suka tsara abin da ake gani. Mutumin da ya san minti huɗu kawai gare shi, kuma kowace daƙiƙa kuɗi ce, yakan fara da babban titi da motoci da cincirindon jama'a, ya juya kyamara da sauri daga wannan hasumiya zuwa waccan har hoton ya yi rawa, ya tsaya kan maɓuɓɓugar ruwa, ya sa matarsa da 'ya'yansa su tako zuwa gare shi suna ɗaga hannu, sannan idan ya iso rumfar Afirka ya ba masaƙi ko baduku daƙiƙa biyar ko goma kafin ya wuce. Duk da haka waɗannan 'yan daƙiƙoƙi suna da wata daraja da finafinan gwamnati ba su da ita. Ƙwararren mai ɗaukar fim yana shirya wuri, ya kori wanda bai dace ba, ya sa a maimaita aiki har ya yi yadda yake so, daga baya kuma a yanke abin da bai yi wa masu biyan kuɗi daɗi ba, shi kuwa ɗan sha'awa ba shi da iko a kan kowa, saboda haka abin da ke gefen hoton yakan shigo ba da izininsa ba: igiyar da ta raba mai sana'a da 'yan kallo, rigar sanyi ta Turawa a kan taguwa, ɗan sandan da ke tsaye a ƙofa, da kuma kallon da mai aikin ke ɗagowa ya yi wa kyamara kafin ya mayar da kansa ga aikinsa.

A Nijeriya ta Arewa masu irin wannan kyamara su ne razdan da di'o da likitoci da ma'aikatan kamfanoni da 'yan mishan, kuma abin da ya fi jan hankalinsu shi ne doki. Hawan sallah, wasan folo, da hawan daba irin wanda aka shirya a Kano a 1925 don tarbar Yarima Edward mai jiran gadon Ingila, wanda shi ne kuma shugaban baje kolin Wembley, su suka cinye mafi yawan zaren fim. Kyamara tana bin inda Bature ke zaune, wato Kano da Kaduna da Zariya da Jos da barikin Sakkwato, gundumomin bakin iyaka kuwa sai lokacin rangadi da rani, sa'ad da jami'i ke zuwa duba haraji da jangali ya kwana biyu ya wuce, kuma zafin bazara maƙiyin fim ne. Aikin da ya riƙe rayuwar kwarin Rima, irin su noman fadama na shinkafa da albasa da taba, su da kamun kifi bayan ambaliya ta janye, kaɗi da saƙa a cikin gida, ba abu ba ne da baƙo mai minti huɗu zai tsaya a kansa.

Ta ɓangaren Faransa, kyamara ta zo kusa da Gobir a kan mota. A ƙarshen Oktoba 1924, daidai lokacin da zangon farko na Wembley ke rufewa, ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën ya tashi daga Colomb-Béchar a Aljeriya ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya ƙetare Sahara, ya bi hanyar Yamai zuwa Damagaram ta Maraɗi da Tasawa, tare da mai shirya fim Léon Poirier da mai zane Alexandre Iacovleff. Fim ɗin tafiyar, wanda aka fara nunawa a Faris a 1926, ya sa Faransawa da yawa sun fara ganin mahayan ƙasar Hausa da fadar Barmu sarkin Tasawa, amma manufarsa tallar mota ce da tallar daula, mutanen da ke ciki kuma ado ne na hanya. Shekara biyar bayan haka aka buɗe baje kolin ƙasashen mallaka a dajin Vincennes ƙarƙashin Marshal Lyautey, daga Mayu zuwa Nuwamba 1931, aka sayar da tikiti kimanin miliyan 33, aka gina wa Afirka ta Yamma wata jar fada mai hasumiya da aka kwaikwayo daga ginin ƙasa na Jenne da Tambutu, aka cika ta da masu sana'a kamar yadda aka yi a Landan. A wannan shekara ta 1931 ɗin ce farin dango da matsin haraji suka jawo mummunar yunwa a yammacin Nijar, kuma a tsawon waɗannan shekaru talakawan ɓangaren Faransa sun yi ta tsallakowa garuruwan iyaka na lardin Sakkwato don guje wa haraji da aikin tilas. Babu ɗaya daga cikin wannan da ya sami wuri a jar fadar Vincennes.

Tarurrukan ƙarshe kafin yaƙi su ne suka fi samun masu ɗauka, saboda fim mai milimita 8, wanda ya fi araha, ya fito a 1932, fim mai launi na Kodachrome kuma a 1935. Baje kolin Faris na 1937, inda rumfar Jamus ta Hitler da ta Tarayyar Sobiyet suka tsaya suna fuskantar juna a bakin kogin Seine, ya tura ƙasashen mallaka can kan wani siririn tsibiri a tsakiyar kogin, na Gilasgo a 1938 kuma ya karɓi baƙi fiye da miliyan 12 cikin ruwan sama mai yawa, da rumfar Afirka ta Yamma a ciki. A tsakanin nan, a 1934, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman sun ziyarci Ingila, masu ɗaukar labarai na silima suka bi su, wanda ke nufin uban ƙasar da hakiman Isa da Sabon Birni ke yi wa mubaya'a shi ma ya shiga fim a titunan Landan.

Hoto mai motsi ya iso wa talakan Arewa ta wata ƙofa dabam. Wani jami'in kiwon lafiya a Legas, William Sellers, ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annoba tun a shekarun 1920, ya kuma zama shugaban sashen fim na ƙasashen mallaka da Ingila ta kafa a 1939, kuma daga irin tsarinsa ne motocin majigi suka samo asali, waɗanda ke zuwa gari su kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, tafinta yana bayani da lasifika. Kalmar majigi ta fito ne daga sunan Turanci na wata tsohuwar fitila mai haska hoto a bango. Gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, amma ga mutumin ƙauye majigin En'e shi ne silima, abin da yake nunawa kuma darasi ne kan tsafta da noma da girman Ingila. A wannan zamanin ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali a ƙasar Isa, yake kaɗa kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, yana jera sunayen kakanni da garuruwa da dawaki da masu riƙe da sarautu, kuma da aka ɗauki muryarsa kafin rasuwarsa a wajajen 1960, gidajen rediyo suka ci gaba da sa ta har yau. Ma'ajiyar da yankin ya bari daga waɗancan shekaru ta murya ce mai cike da sunaye ba hoto, ta Turai kuma ta hoto ce ba murya ba suna.

Da yawa daga finafinan ma'aikatan mulkin mallaka sun kwana shekaru a akwatuna a gidajen magadansu kafin a miƙa su ga gidan tarihin daular Ingila da ke Bristol, wanda bayan rufe shi tarinsa ya koma hannun ma'ajiyar birnin, wasu kuma suna cibiyar finafinai ta Ingila da ɗakin karatu na ƙasa na Sikotlan. Zaren fim na 'yan sha'awa ba ya kamawa da wuta kamar na silima na wancan zamani, amma yana da tasa cutar, domin in ya ji zafi da laima yakan fara warin tsami ya ƙanƙance ya murɗe, shi ya sa ake gaggawar mayar da shi hoton kwamfuta. Matsalar da ta fi wannan ita ce ta bayani, tun da abin da mai shi ya rubuta a kan gwangwani sau da yawa bai wuce sunan ƙasa da shekara ba, ma'aikacin ma'ajiya a Ingila kuma ba shi da hanyar bambance kasuwar Shinkafi da ta Gusau. Mutumin kwarin Rima yana da hanyoyi da dama: ɗaurin rawani, ƙirar sirdi da likkafa, siffar rumbu, irin kwalekwalen fito, da kuma aska, domin tsagar Gobirawa, wadda ke tashi daga gefen baki ta bazu zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, wanzami ne ke yin ta tun jariri yana ɗan kwanaki, kuma ba ta gogewa a kantin kamfani ko a tashar jirgi. Zaren milimita 16 ba ya fitar da ita daga nesa, sai mai ɗauka ya matso kamar taku uku ko huɗu, haske kuma ya bugi kuncin ta gefe.